Yawan Masu Faɗa Ba Hujja Ba Ne: Ɗabi'ar Bin Jama'a a Zamanin Intanet

Gabatarwa

A daren 7 ga watan Agusta na shekarar 2014, wayewar garin 8 ga wata, wani saƙo ya karaɗe wayoyin mutanen Nijeriya. Saƙon yana cewa duk mai son tsira daga cutar Ebola, wadda ta shigo Legas ƙasa da mako uku kafin wannan dare, to ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha. Uwa ta buga wa ɗa waya, ɗa ya buga wa aboki, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Jaridu sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, aka kuma kwantar da wasu kimanin 20 a asibiti saboda gishirin da suka ɗirka. Ita kanta Ebola mutum 20 ta kama a duk faɗin ƙasar, ta kashe 8, a Legas da Fatakwal, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da gushewarta ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara. Cutar ba ta taɓa isa Arewa ba, amma labarin gishiri ya isa birni da ƙauye a dare ɗaya.

Idan ana tuna wannan dare, bayani iri biyu aka fi ji. Wasu su ce jahilci ne, wasu kuma su ɗora laifin a kan wayar hannu. Duka biyun ba su gamsar ba, domin a cikin waɗanda suka yi wankan akwai masu ilimi mai zurfi, wayar kuwa ba ta tilasta wa kowa ɗora tukunya a wuta ba. Mutane sun yi ne saboda sun ji kowa yana yi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa tushen matsalar wata tsohuwar ɗabi'a ce ta ɗan Adam, wato bin jama'a, wadda masana suka auna tun kafin a san intanet. Abin da intanet ta yi shi ne ta mai da “jama'a” lamba da ake gani a fuskar waya, lambar da ke iya zama ta bogi. Maganin da bincike ya nuna kuwa yana hannun ɗalibi da malaminsa, kuma ya kamata makaranta ta koyar da shi kamar yadda take koyar da lissafi.

Gwajin layuka uku

A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Solomon Asch, malami a Kwalejin Swarthmore da ke Amurka, ya fara buga sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Akan tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki ɗaya, a ce musu za a gwada ƙarfin ganinsu. Sai a ɗaga kati biyu, ɗaya yana ɗauke da layi guda, ɗayan yana ɗauke da layi uku masu tsawo daban-daban. Aikin kowa shi ne ya faɗa a fili wane layi cikin ukun ne tsawonsa ya yi daidai da na katin farko. Amsar ba ta da wuya ko kaɗan, domin waɗanda aka gwada ba tare da matsin kowa ba, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su in ban da mutum ɗaya, wanda akan zaunar kusa da ƙarshen sahu domin ya ji amsar sauran kafin ya ba da tasa. Cikin zagaye 18 da ake yi, a zagaye 12 sai duk su faɗi amsa ɗaya wadda ba daidai ba, da gangan, ba tare da ko murmushi ba. Da aka gwada mutum 123 ta wannan hanya, sai aka ga kimanin kashi 37 cikin ɗari na amsoshinsu sun bi kuskuren jama'a. Uku cikin kowane huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne kawai ya tsaya a kan abin da idonsa ya gani daga farko har ƙarshe.

Asch ya kuma gano cewa ba a bukatar taro mai yawa. Idan mutum ɗaya ne ya saɓa wa wanda ake gwadawa, da wuya ya girgiza shi. Idan biyu ne, kuskuren yakan kai kimanin kashi 14 cikin ɗari, idan kuwa uku ne sai ya haura kashi 30, daga nan ƙarin mutane ba ya ƙara wani abu mai yawa. A shekarar 1996 Rod Bond da Peter Smith sun tattara gwaje-gwaje 133 irin wannan daga ƙasashe 17, suka tarar da ɗabi'ar a ko'ina, sai dai ta fi ƙarfi a al'ummomin da ke fifita zumunci da haɗin kai a kan ra'ayin mutum shi kaɗai. Mai karatu zai iya tsayawa ya yi tunanin inda al'ummarsa ta faɗa a wannan ma'auni.

Me ya sa mutum ke bi?

Masana biyu, Morton Deutsch da Harold Gerard, sun raba dalilan gida biyu a shekarar 1955. Dalili na farko shi ne mutum ya ɗauka jama'a sun san abin da shi bai sani ba. Tun a shekarar 1935 Muzafer Sherif, wani masani ɗan asalin Turkiyya, ya nuna haka. Yakan sa mutane a ɗaki mai duhu ƙirin, a kunna musu ɗigon haske guda. Hasken ba ya motsi, amma ido yakan ga kamar yana motsi idan babu wani abu a kusa da za a kwatanta shi da shi. Idan aka tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya nisan da ya yi, kowa da amsarsa. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, sai amsoshin su yi ta matsowa kusa da juna har su zama ɗaya, kuma kowa ya ci gaba da riƙe wannan amsa ko da an sake gwada shi shi kaɗai.

Dalili na biyu shi ne gudun fita zakka. Mutum ya san gaskiya sarai, amma ba ya son a kalle shi a matsayin mai taurin kai ko mai neman suna. Da Asch ya bar waɗanda ake gwadawa su rubuta amsarsu a takarda maimakon su faɗa a fili, bin jama'a ya ragu ƙwarai, abin da ya nuna cewa da yawansu kunyar idon mutane ce ta kayar da su.

Dalili na farko yakan yi ƙarfi a lokacin tsoro da rashin tabbas. Gordon Allport da Leo Postman, waɗanda suka nazarci jita-jitar zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sun bayyana a shekarar 1947 cewa ƙarfin jita-jita ya dogara ne a kan abu biyu: muhimmancin al'amarin ga mai ji, da kuma duhun da ke tattare da shi. Ebola ta haɗa duka biyun, domin maganar rai ce, kuma a lokacin mutane ƙalilan ne suka san yadda take yaɗuwa.

Inda yawa ke da amfani

Adalci ne a faɗi cewa bin jama'a ba wauta ba ce a kowane hali. Baƙon da ya sauka a tasha ya ga mutane sun yi cincirindo wajen mai abinci ɗaya, sun bar na kusa da ita, yana da dalilin bin su. Ba don koyi da na gaba ba, da kowane yaro sai ya taɓa wuta kafin ya san tana ƙuna. Hausawa ma sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma kimiyya ta gaskata wannan magana, amma da sharaɗi.

A shekarar 1906, a wata kasuwar baje kolin dabbobi da ke garin Plymouth na Ingila, an yi gasar cankar nauyin naman wani bijimi bayan an yanka an feɗe. Masanin ƙididdiga Francis Galton ya karɓi takardun gasar guda 787 ya jera su daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Cankar da ta faɗo tsakiya ita ce fam 1,207, ainihin nauyin kuwa fam 1,198 ne, wato bambancin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Sirrin shi ne kowa ya dubi bijimin da idonsa, ya rubuta tasa cankar ba tare da ganin ta wani ba, saboda haka kuskuren masu zarcewa ya shafe kuskuren masu gazawa. A wani bincike da aka buga a shekarar 2011, wasu masana a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan sun gwada mutum 144 da tambayoyin canka, suka riƙa nuna wa wasunsu amsoshin sauran. Sakamakon shi ne amsoshin sun taru wuri ɗaya, mutanen sun ƙara amincewa da kansu, amma taron bai ƙara kusantar gaskiya ba.

Darasin da ke nan shi ne cewa yawa yana zama hujja ne idan kowane mai faɗa ya gani da kansa. Idan mutum dubu suka faɗi magana, alhali dukansu daga bakin mutum ɗaya suka ji ta, to shaida ɗaya ne ke nan, sauran 999 'yan amshi ne.

Abin da intanet ta canza

Canji na farko shi ne lamba. A dandali ko majalisar unguwa, mutum sai dai ya karanci fuskokin mutane ya kintaci ra'ayinsu. A shafukan sada zumunta kuwa, ƙarƙashin kowane saƙo akwai adadin waɗanda suka so shi da waɗanda suka tura shi gaba, kuma mai karatu yana ganin wannan adadi tun kafin ya gama karanta saƙon. Matsayinsa ya zama daidai da na ɗalibin nan da Asch ke zaunarwa a ƙarshen sahu.

A wani bincike da aka buga a shekarar 2006, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na Jami'ar Kolombiya sun buɗe wani shafi mai ɗauke da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba, mutum 14,341 suka shiga. An raba masu shigar rukuni-rukuni ba da saninsu ba. A rukuni ɗaya ba a nuna wa kowa zaɓin wani, a sauran rukunoni takwas kuwa ana nuna sau nawa aka sauke kowace waƙa a cikin rukunin. Sai ya kasance waƙar da ta yi fice a wannan rukuni tana iya zama 'yar baya a wancan, gwargwadon abin da masu shigowa da farko suka zaɓa. Waƙoƙi mafiya kyau ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, munanan ma ba su cika hawa sama ba, amma tsakanin nan komai na iya faruwa. Haka nan a wani bincike da aka buga a shekarar 2013, Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor sun yi gwaji a wani shafin labarai, inda suka riƙa sa wa wasu sharhohi alamar yabo guda ɗaya tun daga fitowarsu, ba tare da duba abin da ke ciki ba. Wannan alama ɗaya ta ƙara yiwuwar mai zuwa na gaba ya yaba da kashi 32 cikin ɗari, kuma a ƙarshe makin waɗannan sharhohi ya fi na sauran da kashi 25 cikin ɗari. A kan wannan kuma sai a ƙara cewa manhajojin shafukan suna fifita nuna abin da ya riga ya sami martani mai yawa, ta yadda mai yawa ke ƙara yawa.

Canji na biyu shi ne cewa rinjayen da ake gani ba lallai ne ya zama na gaske ba. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a shekarar 2019 cewa a cikin manyan Amurkawa masu amfani da Twitter, shafin da aka sauya wa suna zuwa X a 2023, kashi 10 cikin ɗari ne ke rubuta kashi 80 na saƙonnin. Wani bincike da mujallar Science ta buga a wannan shekara, dangane da zaɓen Amurka na 2016, ya nuna cewa mutum ɗaya cikin dubu ne ya yaɗa kusan kashi 80 na labaran ƙarya da aka bi diddiginsu. Ban da wannan akwai asusun bogi. Kamfanin Facebook ya ce a watanni uku na farkon 2019 kaɗai ya rufe irin waɗannan asusu kimanin biliyan 2.2. Abin da Asch ya yi da 'yan mutane a ɗaki ɗaya, yau mai kuɗi ko mai wata manufa yana iya yin sa da asusu dubu.

Canji na uku shi ne maimaici da sauri. Tun shekarar 1977 Lynn Hasher da abokan aikinta suka nuna cewa maganar da mutum ya taɓa ji takan fi yi masa kama da gaskiya idan ya sake jin ta, ko da ƙarya ce. Saƙo ɗaya yana iya zuwa wa mutum ta zauren iyali, ta zauren tsofaffin 'yan aji, da kuma ta wurin aboki, sai ya ga kamar majiya uku ce, alhali tushe ɗaya ne. A shekarar 2018 masana uku na cibiyar MIT da ke Amurka sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da mutum kusan miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Sun tarar cewa yiwuwar a tura labarin ƙarya gaba ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma labarin gaskiya yakan ɗauki lokaci ninki shida kafin ya kai ga mutum 1,500. Da suka cire asusun da na'ura ke sarrafawa daga lissafin, sakamakon bai canza ba, wato mutane ne da hannunsu ke ba ƙarya wannan gudu.

Iyakar abin da kamfani zai iya

Abin da ya faru a Indiya ya nuna inda wannan ɗabi'a ke iya kaiwa. A shekarun 2017 da 2018 jita-jitar masu satar yara ta yi ta yawo a WhatsApp a sassan ƙasar. Ɗaya daga cikin hotunan bidiyon da ake yaɗawa asalinsa tallar faɗakarwa ce da aka shirya a Pakistan domin jan hankalin iyaye, sai aka yanke ƙarshenta inda ake bayyana manufar. Ranar 1 ga Yuli, 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, taron jama'a ya kashe baƙi biyar bisa wannan zargi. A watan ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo a Indiya zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a Janairun 2019. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ya ƙara matsawa, ya ce saƙon da aka riga aka tura sau da yawa wuri ɗaya kawai za a iya tura shi, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari.

Wannan mataki yana da kyau, kuma wajibi ne jama'a su ci gaba da matsa wa kamfanoni lamba. Amma wanda ya zauna jiran kamfani zai daɗe yana jira. Kuɗin shigar yawancin shafukan nan daga talla yake, talla kuwa tana bin tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Masu tace saƙonni a harsuna irin su Hausa ba su kai na Turanci yawa ba. Saƙonnin WhatsApp kuma a kulle suke, kamfanin kansa ba ya karanta su. Wanda ke cikin zauren shi ne ke ganin saƙon, kuma shi ne ya san mai turo shi.

Ƙarfin murya ɗaya

A nan ne ɓangaren gwajin Asch da ba a cika ambata ba ya zama mai muhimmanci. A wasu zagayen ya sa mutum ɗaya cikin waɗanda aka haɗa baki da su ya riƙa faɗin amsar gaskiya. Nan take kuskuren wanda ake gwadawa ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Ko da mai saɓawar ya faɗi wata amsa dabam wadda ita ma ba daidai ba ce, bin jama'a yakan ragu, domin abin da ke danne mutum shi ne ganin baki ya zo ɗaya. Idan kuma abokin nan ya juya ya koma cikin masu rinjaye, sai wanda ake gwadawa ya sake faɗawa cikin kuskure. Wannan yana nuna cewa mai faɗin gaskiya yana kare waɗanda ke kusa da shi, ko da bai shawo kan mai ƙaryar ba.

Shiru kuwa yana yin akasin haka. Wata masaniya Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, ta bayyana a shekarar 1974 yadda masu ganin kamar ra'ayinsu ba shi da magoya baya ke yin shiru, shirun nasu ya sa ra'ayin ya ƙara zama kamar ba shi da kowa, wasu ma su ƙara yin shiru. Alal misali, a zauren WhatsApp mai mutum 200, idan goma suka yi godiya a kan wani saƙo, sauran 190 suka yi gum, kowane ɗaya daga cikin masu shakka zai ɗauka shi kaɗai ne ke shakka.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙarfafa wannan fahimta. Leticia Bode da Emily Vraga, a nazarinsu na 2018 kan jita-jitar cutar Zika, sun nuna cewa idan masu amfani da shafi suka gyara ƙarya tare da kawo madogara, masu kallo daga gefe sukan rage yarda da ita. Gordon Pennycook da David Rand da abokan aikinsu kuma sun ruwaito a mujallar Nature a 2021 cewa yawancin mutane ba sa son yaɗa ƙarya, hankalinsu ne ba ya kan tambayar gaskiya a lokacin da suke turawa. Da suka aika wa masu amfani da Twitter sama da 5,000 saƙo suna neman su auna sahihancin kanun labari guda ɗaya, ingancin abin da mutanen suka yaɗa bayan nan ya ƙaru. Tambaya ɗaya ta isa ta farkar da mai gyangyaɗi.

Wani zai ce wannan ya fi sauƙi a takarda, domin mai turo saƙon sau da yawa babba ne, yaro kuwa ba ya ƙaryata babba a gaban jama'a. Wannan gaskiya ne, amma al'adar da ta hana rashin kunya ita ce kuma ta tanadi hanyar gyara cikin ladabi. Ɗalibi yana iya rubuta wa kawunsa shi kaɗai cewa: “Kawu, Allah ya ƙara girma. Na duba shafin ma'aikatar lafiya, sun ce maganar nan ba ta tabbata ba. Ga abin da suka rubuta, ko za a duba?” Sau da yawa babban da kansa zai koma zauren ya janye, girmansa bai zube ba. Inda kuwa rai ya ɓaci, ana zargin wani mutum ko wata al'umma, to bai kamata yaro ya jefa kansa cikin haɗari ba. Abin da ke kansa shi ne kada ya tura, sannan ya sanar da malami ko wani dattijon da ake jin maganarsa.

Aikin makaranta

Tsayawa a kan hujja fasaha ce da ake koya ta hanyar yi, kuma ba ta bukatar ɗakin kwamfuta. Malami yana iya cika kwalba da wake, ya raba aji biyu. Rabin farko kowa ya rubuta cankarsa a ɓoye, rabi na biyu kuma su riƙa faɗa a fili ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ƙirga waken aka kwatanta amsoshin a allo, ɗalibai za su iya ganin yadda amsar mutum na farko ke jan na bayansa. Ana iya maimaita gwajin layuka ma, muddin an bayyana sirrin nan take, ba a kuma mai da wanda ya bi jama'a abin dariya ba, tun da uku cikin huɗu haka za su yi.

Sai kuma dabarar bincike. A shekarar 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada ƙwararrun masu tantance labarai 10, da malaman tarihi 10, da ɗaliban jami'a 25, wajen gane sahihancin shafukan intanet. Masu tantance labarai sun fi sauran sauri da dacewa, domin ba su tsaya nazarin kyan shafin ba, sukan fita daga cikinsa nan da nan su duba abin da wasu majiyoyi ke faɗa game da shi. Ɗalibin sakandare yana iya koyon haka. Kafin ya tura saƙo ya tambayi kansa wa ya fara faɗa, yaushe aka faɗa, kuma cikin masu faɗar wa ya gani da idonsa. Idan hoto ne, ya yi amfani da hanyar neman asalin hoto da Google ke da ita, domin hotuna da yawa da ake tayar da hankali da su tsofaffi ne, ko kuma daga wata ƙasa aka ɗauko su.

Abu mafi nauyi kuwa yana ga halin malamin kansa. Ajin da kullum malami ke faɗin rabin jimla ɗalibai su ƙarasa da amshi, wanda ya kawo amsa dabam kuma a yi masa tsawa, yana horar da yara ne a kan bin baki ɗaya. Ya kamata malami ya riƙa sa kowa ya rubuta amsarsa kafin a ɗaga hannu, ya riƙa tambayar ko akwai mai ganin saɓanin haka, ya kuma yaba wa wanda ya saɓa da dalili ko da daga baya an gano bai dace ba. Yaron da bai taɓa cewa “ban gamsu ba” a gaban mutum hamsin da ya sani ba, da wuya ya faɗa a gaban dubun da bai sani ba.

Kammalawa

Ba a kira ga ɗalibi ya zama mai musun kowace magana, domin wanda ke saɓa wa jama'a a kan komai shi ma jama'a ce ke juya shi, ta baya. Abin da ake nema shi ne ya san bambanci tsakanin yawan shaidu da yawan 'yan amshi, ya kuma san cewa lambar da ke ƙarƙashin saƙo tana ƙirga yatsun da suka danna ne kawai. Kamfanoni da hukumomi suna da nasu nauyin, amma gwajin da aka yi fiye da shekara 70 da suka wuce ya nuna cewa mutum ɗaya mai faɗin abin da ya gani yana rage kuskuren na kusa da shi da kashi uku cikin huɗu. Kowane zauren iyali da kowane zauren 'yan aji yana bukatar irin wannan mutum, kuma makarantar sakandare ce wurin da ya fi dacewa a raine shi.